Sati na 11 bayan targaɗen idon sawu: yau na yi kilomita 5 ban tsaya ba

'Yan uwa masu gudu barkanmu da warhaka. Na kwana biyu ban kawo muku labarin ƙafar nan tawa ba, to yau dai akwai abin faɗa. Da safen nan na yi kilomita 5 a jere ban tsaya ko sau ɗaya ba, minti 36 ya ɗauke ni, alhali kafin ciwon a minti 27 nake gamawa, amma wallahi rabon da in ji daɗin gudu irin na yau har na manta. Sati 11 kenan cif da ranar da na gurɗe.

Ga wanda bai san farkon zancen ba, gudun yamma nake yi duhu ya fara shiga, na taka bakin kwalta daidai inda ta gutsire, ƙafar dama ta karkace ciki nauyina duka ya sauka a gefenta na waje, na ji wani ƙas, sai gani na a zaune a ƙasa. Kafin in cire takalmi gefen idon sawun ya tashi kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata, washegari kuma jini ya kwanta wajen yayi baƙi har kusa da yatsu.

Likitan da ya duba ni bai tura ni hoto nan take ba, sai da ya bi bayan ƙashin idon sawun yana dannawa, ciki da waje, daga ƙasa zuwa sama kamar santimita 6, ya danna gindin ƙashin da ke tafiya zuwa ƙaramin yatsa, ya danna wani ƙashi ta cikin ƙafa, sannan yace in tashi in yi taku huɗu. Na yi, da ɗingishi da cije leɓe amma na yi. Wannan gwajin shi ake kira ƙa'idar Ottawa, likitoci a Kanada ne suka fito da ita a 1992 dan a rage yawan hoton ƙashin da ba a buƙata, in ka kasa taku huɗu ko danna ƙashin yayi zafi to sai an yi hoto. Ni nawa ba karaya, jijiya ce, wadda ake kira ATFL, tana gaban ƙashin waje kuma ita ce ta fi yawan jin ciwo in ƙafa ta karkace ciki. Targaɗe mataki uku ne, na ɗaya jijiyar ta miƙe ne kawai, na biyu ta ɗan yage, na uku ta tsinke gaba ɗaya. Ni na biyu ne.

Satin farko ba wani labari, bandeji, ɗora ƙafa kan filo sama da ƙirji, ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15. Wani abu da ya bani mamaki da na bibiya, likitan Amurka Gabe Mirkin da ya ƙirƙiro tsarin nan na hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 yace yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. Ƙanƙara tana rage zugi, iyakar aikinta kenan a wajena. Tun kwana na huɗu aka ce in fara takawa gwargwadon yadda zan iya, ina kuma rubuta harufa a iska da babban yatsa dan kada gaɓar ta sage.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni, dan nan ne na yi ɓarna. A sati na uku ciwo ya tafi. Ina tafiya ba ɗingishi, ina hawa bene, kumburin ya saɓe saura kaɗan, sai raina ya bani cewa na warke, na ɗaura takalmi na yi kilomita 3 a hankali. Lokacin gudun ban ji komai ba, abin da ya yaudare ni kenan. Da asuba na sauke ƙafa daga gado na ji kamar an ɗaure ta da waya, kumburi ya dawo, safa ta bar shaida zagaye da idon sawun har rana. Kwana goma na yi asara a kan wannan kilomita ukun.

Daga nan ne na je wajen mai fisiyo, wato masanin gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, kuma da na san haka ne da tun farko can na nufa. Bai tambaye ni ko akwai ciwo ba sosai, gwaji uku ya yi min yana kwatanta ƙafar dama da ta hagu. Na farko yace in tsaya da ƙafa ɗaya in rufe ido. Ta hagu na wuce sakan 30 ina tsaye, ta dama sakan 4 na fara tangal-tangal na dafe bango, kuma ba zafi ne ya sauke ni ba, kawai ƙafar bata san inda take ba. Na biyu, in fuskanci bango in tura gwiwa ta taɓa shi ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, ana auna nisan babban yatsa da bangon, hagu santimita 11, dama 4. Na uku ɗage da ƙafa ɗaya, wato in ɗaga dunduniya sama in sauke, hagu 24, dama 9 sharaɓata ta fara rawa.

Ya dube ni yace malam, da wannan ƙafar ka je ka yi gudu? Na yi shiru.

Bayanin da yayi min shine jijiyar nan ba igiya ce kawai da ke riƙe ƙashi ba, a cikinta da kewayenta akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta karkata, shi yasa kake iya taka dutse a duhu ƙafarka ta gyara kanta kafin ma ka lura. In ta yage wannan saƙon yana yin rauni, kuma baya dawowa dan kawai ciwo ya tafi, sai an sake koya wa ƙafar. Dalilin kenan da zaka ga mutum ya gurɗe sau ɗaya sai ya dinga gurɗewa a ƙafa guda shekara da shekaru yana cewa ai ƙafar ce mai rauni. Sannan ku tuna gudu tsalle ne daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya, ba lokacin da duka biyun suke ƙasa tare, kowane taku ƙafar na karɓar nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku, kuma a saurina kilomita ɗaya kusan taku 1000 ne. Ku lissafa abin da na ɗora wa jijiyar da bata gama haɗewa ba.

Sati na biyar zuwa na bakwai ba gudu ko kaɗan, kuma gaskiya su suka fi min wuya a zuciya, dan ina ganin mutane suna wucewa da gudu da safe ni kuma ina tsaye da ƙafa ɗaya ina goge baki. Eh, lokacin buroshi nake yin atisayen tsayuwar, minti biyu safe minti biyu dare, da farko ido buɗe, daga baya ido rufe, daga baya kan filo. Sai robar motsa jiki da nake maƙalawa a ƙafar tebur ina tura ƙafa waje da ita sau 15 zagaye uku, wannan tana ƙarfafa tsokar gefen ƙwauri ta waje, ita ce ke fizgo ƙafa in ta fara karkacewa. Sai ɗage a bakin matakala, da gwiwa miƙe da kuma gwiwa a ɗan lanƙwashe dan tsoka biyu ce a sharaɓa kowacce da yadda ake kama ta. Sai tura gwiwa bango kullum. Numfashi kuma keke ne ya riƙe min shi, minti 30 sau uku a sati.

Sharaɗin da muka yi kafin in koma gudu: tafiya mai sauri minti 30 ba ciwo ba kumburi washegari, ɗage 20 da ƙafar dama, da tsalle goma a kanta ita kaɗai ina sauka ba tsoro. Ranar da na cika su a ƙarshen sati na bakwai gwiwa-da-bango ta kai santimita 9.

Na fara da minti ɗaya sassarfa minti biyu tafiya, sau takwas, a fili mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe, rana ɗaya gudu rana ɗaya hutu. Nasan wasunku za su ce wannan ai ba gudu bane, nima haka na ji a ranar, huhuna na cewa ƙara ƙafata na cewa dakata. Bayan fita uku na koma biyu da ɗaya, wato minti biyu sassarfa minti ɗaya tafiya, sai huɗu da ɗaya, sai tara da ɗaya, sai minti 20 a jere a sati na goma. Abu ɗaya nake ƙarawa a lokaci guda, in na ƙara tsawo bana ƙara sauri.

Alƙalin duk wannan shine safiyar washegari. A cikin gudu in zafi bai wuce uku cikin goma ba kuma bai canza min taku ba ina ci gaba, in na fara ɗingishi ko na ji suka mai kaifi na tsaya nan take in taka zuwa gida. Amma hukuncin gaske sai na farka, taku goman farko daga gado, da kuma zaren awo da nake zagaya idon sawun da shi a waje ɗaya kullum in rubuta. Sau biyu awon ya ƙaru da kusan santimita ɗaya, duka biyun na koma matakin baya na maimaita shi, ban yi gardama ba.

Akwai abin da ba wanda ya faɗa min, tsoro. Satin farko na komawa idona na ƙasa kullum, wuyana har ciwo yake, kuma ashe ina jingina nauyi a hagu ban sani ba sai da gwiwar hagu ta fara ƙorafi. Abin da ya taimaka shine rage faɗin taku, ƙananan taku masu yawa ƙafa na sauka a ƙarƙashin jiki, da kuma kallon gaba kamar mita biyar maimakon kan takalmi. Yau a kilomita na huɗu na taka wani ɗan dutse, ƙafar ta ɗan karkata ta dawo da kanta, sai da na wuce da taku uku gabana ya faɗi, na lura ashe ta riga ta gama aikinta.

Dan Allah wanda nasa ciwon ke sama da idon sawu ta gaban ƙwauri, ko ƙafarsa ke yawan zillewa tana neman kayar da shi, ko aka yi sati shida kumburi da zafi basu ragu ba, kada ya bi jadawalina, ya koma a sake duba shi, akwai targaɗen sama da ya fi wannan daɗewa kuma akwai ƙaramar tsagewar ƙashi da ke ɓuya.

Har yanzu ban taɓa gangara da gudu ba, ban shiga hanya mai duwatsu ba, ban yi gudun sauri ba. Tsugunno ma dunduniyar dama tana ɗan ɗagawa, saura santimita ɗaya ta kamo hagu a gwajin bango. Shirin sati biyu masu zuwa shine kilomita 5 sau uku a sati ba ƙari, tsalle gefe da gefe a kan layi, sannan in gwada ciyawa mai ɗan tudu da kwari sanye da abin ɗaure idon sawu. Tsayuwar ƙafa ɗaya kuma mai fisiyo yace in riƙe ta wata shida aƙalla ko da na ji garau. Gobe da safe in Allah ya kaimu zan auna ƙafar, in awon bai motsa ba jibi zan sake fita.