Fayil ɗin kawun tsohuwa, da abin da na kwaso kafin in ajiye aiki

Juma'ar da ta wuce na miƙa katin shiga ofis, na kwashe kofina da cajata na fito, shekara uku kenan cif ina tonon asalin mutane a Ingila ana biyana. Yaran da suka shigo bayana sun ce in rubuta musu abin da na koya, ni kuma duk sanda na zauna zan rubuta sai in ga fayil ɗaya ne kawai yake dawo min, to bari in ba ku shi, sauran kun san su ai.

Wata tsohuwa ce ta kawo aikin, ta haura tamanin, hoto ɗaya ne a hannunta na wani yaro tsaye kusa da mamanta suna ƙanana. Tace a gidansu ana cewa wan mamanta ne amma ba ciki ɗaya ba, riƙonsa aka yi, kuma wai da ya girma sai ya ɓace ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Abin da take so kawai ta san ina ya ƙare kafin ita ma ta tafi. Ɗana take ce min a waya, ni kuma ina ce mata Mama, har ta saba.

Ku da kuke aikin kun san matsalar riƙon wancan lokacin. Dokar riƙon yara ta Ingila da Wales a 1926 aka yi ta, ta fara aiki 1 ga Janairu 1927, daga nan ne aka buɗe rajistar yaran da kotu ta ba da riƙonsu. Duk wanda aka ɗauka kafin nan ba kotu ba takarda, maƙociya ce ta karɓa ko wata 'yar uwa, ko hukumar kula da matalauta ta kai shi wani gida ana biyan ɗan abin da ba a rasa ba, yaro ya tashi da sunan gidan kawai don da shi ake kiransa. Namu yaron a wannan rukunin yake. Na same shi ba wahala a ƙidayar 1921, wadda aka yi ranar 19 ga Yuni, aka kuma sake ta ga jama'a a Janairun 2022. Yana cikin gidan kakan tsohuwar, an rubuta ɗan riƙo, an saka masa sunan gidan, a layin da ake tambayar yara 'yan ƙasa da 15 ko iyayensu na raye an rubuta uwa ta rasu. Shekarunsa 7 da wata 4. Ku riƙe wannan wata 4 ɗin, don ni ban riƙe ba.

Daga 1921 sai rami. Takardun ƙidayar 1931 gobara ta cinye su a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi, abin da ya rage sai rajistar 29 ga Satumba 1939 wadda aka yi don katin shaida da rabon abinci. Na buga sunan, sai ga mutum, suna ɗaya, yanki ɗaya, shekaru sun yi kusa, ga mata ga gida. Wallahi har tafi na yi ni kaɗai. Na bi shi har aurensa, har 'ya'yansa biyu, har mutuwarsa, kuma tunda daga 1969 jerin sunayen waɗanda suka rasu yana ɗauke da ranar haihuwa sai na ga ta yi daidai da ta 1939, nace shikenan komai ya hau. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, ya hau da wa? Takardun mutumin ne suke gaskata junansu, ba wanda ya haɗa shi da yaron 1921 in banda suna. Kama da wane ba ta wane, kowa ya san wannan, amma in kana kan kwamfuta ƙarfe biyar na yamma ga suna ya fito ɓaro-ɓaro mantawa kake.

Kuma na gani fa, wannan shi ne abin da yake cin raina har yau. Wanda yake da shekara 7 da wata 4 a tsakiyar Yunin 1921, haihuwarsa tana wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairun 1914. Mutumin da na samo ɗan Satumban 1913 ne. Wata biyar tsakani. Na tashi na je teburin oga nace, oga akwai ɗan saɓani nan, ko mu yi odar satifiket ɗin haihuwar mutumin daga babban ofishin rajista da ke Southport mu gani tukunna. Ko ɗago kai bai yi ba yace shekarun ƙidaya tun yaushe suka zama gaskiya, awannin da tsohuwa ta biya sun ƙare tun jiya, rufe fayil. Kuɗin satifiket ɗin nan bai kai abin da muke cajin kwastoma na awa ɗaya ba. Maganarsa kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, manya suna rage shekaru suna ƙarawa a ƙidaya kamar me, amma ƙaramin yaro da aka rubuta har da watanni, wanda ya cike fom ɗin ya san abin da yake rubutawa. Na san haka a lokacin. Nace to oga, na koma na rufe. Sau ɗaya na faɗa, a hankali, da baki, ban saka a imel ba.

Rahoto ya tafi da sa hannuna a ƙasa. Tsohuwa ta kira tana kuka tana sa min albarka, sannan ta yi abin da ni ma da zan yi in ni ne, ta rubuta wa 'yar mutumin wasiƙa, tace ni 'yar uwarki ce, babanki a gidanmu ya tashi, riƙonsa kakata ta yi. Ku duba fa, mace mai shekara saba'in da wani abu, tana zaune lafiya, a aiko mata cewa kakar da ta goya ta ba ita ta haifi babanta ba. Sati uku matar nan ta yarda da maganar. Ta kira ƙaninta suka yi faɗa, ta kwana tana duba hotuna tana neman inda babanta bai yi kama da iyayensa ba, daga ƙarshe ɗanta ne ya yi odar satifiket ɗin da ni ban yi ba, sai ga sunan uwa da uba cikakke, an yi masa rajista cikin kwana 42 ɗin da doka ta ce, a gidan da ya tashi. Ba riƙo ba komai. Wasiƙar da ta aiko ofis layi shida ce, ba zagi a ciki, da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Oga ya kira tsohuwa a gabana, ya sa waya a sifika, yace ƙaramin ma'aikaci ne ya yi gaggawa bai bi ƙa'idar kamfani ba, kuma an ɗauki mataki. Ina zaune ina kallon bakinsa. Da ya ajiye nace oga amma ai na zo na same ka kan maganar watannin nan, yace a ina ka rubuta? Shiru na yi. Wata shida duk rahoton da na yi sai wani ya duba kafin ya fita, wani ma ni na koya masa yadda ake karanta rubutun hannun da. Ban ce ba ni da laifi ba, laifi tudu ne, nawa na taka kuma ina ganinsa sarai, sunana ne a takardar. Amma mutum biyu ne suka rufe fayil ɗin nan, ɗaya ne aka yanka.

Ban iya barin maganar ba. Ranar hutuna na hau jirgin ƙasa da kuɗina na je ma'ajiyar takardun gundumar, na nemi rajistar shiga makarantar firamaren unguwar, irin littafin nan dogo mai warin ƙura da sai an ɗora shi kan matashi kafin a buɗe. Na bi layi-layi da yatsa har na zo kansa. Malamin ya rubuta sunan gidan da tawada, a wajen uba ko mai riƙo ya saka kakan tsohuwa, ranar haihuwa Fabrairu 1914, sannan a saman sunan, ƙanana-ƙanana da fensir, akwai wani sunan daban an ja masa layi ɗaya. Na fi minti goma ina kallon fensir ɗin nan. Ba ya cikin kowane jeri na intanet, wanda ya kwafi littafin tawada kawai ya ɗauka.

Da wancan sunan komai ya buɗe cikin kwana biyu. Tun daga Yulin 1911 jerin haihuwa yana nuna sunan gidan uwa, nasa kuma sunan yaro da na uwa iri ɗaya ne, kun san me hakan yake nufi, ba a yi aure ba. Uwar ta rasu yana ƙarami. Ba a taɓa kai maganarsa kotu ba ko bayan 1927, saboda haka da ya girma ya zo aure sai ya koma sunan da ke kan takardar haihuwarsa, shi ne duk ɓatan da ake cewa ya yi. A rajistar 1939 yana nan da matarsa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba daga gidan da ya tashi.

Sauran abin da zan ce muku gajere ne. Duk shakkar da kuka kai wa na sama ku bi ta da imel ko layi ɗaya ne, da kwanan wata. Kar ku yarda sunan mai rai ya shiga rahoto sai kun riƙe satifiket a hannu. In yaro ya ɓace a takarda ku fara zargin suna kafin ku zargi jirgin da a da ake kwashe yara zuwa Kanada da shi. Kuma ku dinga zuwa ku taɓa littafin da kanku, ko oga yace ɓata lokaci ne.

Na kai wa oga sabon binciken, ya karanta, yace madalla, ya tura wa tsohuwa da wasiƙa mai cewa kamfani ya sake zurfafa bincike kyauta don girmama ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin jirgina ma ba a mayar min ba, ban kuma tambaya ba.

Ni na kira ta da kaina daga wayata, don akwai abu ɗaya da na san ba za ta lura da shi a cikin tarin takardun ba. Nace Mama, ɗauko satifiket ɗin auren, ki bar wajen sunan uba, layi kawai aka ja a wurin, kuma a lokacin ba a rubuta sunan uwa, sai 2021 aka fara. Ki sauko ƙasa wajen shaidu biyu. Na ji tana neman tabarau, na ji takarda tana ƙara, sai shiru. Can tace, ɗana, wannan ai rubutun mamana ne, haka take lanƙwasa harafin farko. Nace eh, ita ce ta tsaya masa ranar aurensa. Tace to me ya sa ba ta taɓa gaya min ba? Nace wannan kam Mama ba ya cikin kowace rajista da na sani.