Wata uku a cikin manya

Yau wata uku ke nan da mai horar da mu ya ɗauke ni daga rukunin matasa ya haɗa ni da manyan 'yan wasan hoki, wato wasan da ake buga ƙwallo da sanda, kuma sai yanzu na fara samun natsuwa. A da, idan ƙwallo ta zo gare ni, nakan tsayar da ita, in ɗaga kai in duba, sannan in san inda zan tura ta. A nan kuwa, kafin sandata ta taɓa ta, mutum biyu sun riga sun tare ni, ga shi kuma a kan ciyawar roba da aka jiƙa da ruwa ƙwallo ba ta jiran kowa.

Wasan zango huɗu ne, kowanne minti 15, amma a makonnin farko numfashina yakan ƙare tun a zango na biyu, har a canza ni ina haki. Hakan ya sosa mini rai ƙwarai, domin na saba a ce ni ne gwani.

Yanzu nakan waiwaya in san inda kowa yake tun kafin a miƙo mini ƙwallo. A wasan jiya na kai ƙarshen zango na uku kafin a fitar da ni.