Yadda Nake Ɗura wa Farfelar Hilux Ɗina Giris

Duk mai Hilux da ke shiga ƙauyukan fadamar Haɗeja da damina ya san abin da ƙarƙashin mota ke sha. Taɓo ne da ruwa har gindin ƙofa, rani ya zo kuma ƙura ta karɓa. Tawa tsohuwa ce, irin wadda ake sauka a kulle hob, wato cibiyar tayoyin gaba, da hannu kafin a sa ogzilari. A garejin da nake zuwa, sabis yana nufin juyen baƙin mai da canjin filta, farfela kuwa, wato doguwar sandar da ke ƙarƙashin mota mai kai ƙarfin inji ga tayoyi, sai ka yi magana ake leƙa ta. Shi ya sa na sayi bindigar giris na koma yi da kaina.

Farfela biyu ce, ta gaba da ta baya. Kowacce tana da kuros a bakunanta, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasawa tana juyawa, sannan akwai wurin da sanda ɗaya ke zurma cikin 'yar'uwarta tana fitowa duk lokacin da mota ta lotsa ko ta taso. Kuros kofuna huɗu gare shi, cikin kowane kofi an jera siraran allurai na ƙarfe, su ke mirginawa. Wurin zurmawa kuma haƙora ne ke goga juna. Tunda aikinsu ya bambanta, ɗurinsu ma ya bambanta.

Wajen saye, abin da nake nema a jikin gwangwani biyu ne: ya zama na litiyam, kuma an rubuta NLGI 2. Lambar nan kauri take nunawa, daga 000 mai kusan tsiyaya har zuwa 6 mai tauri, 2 ɗin kuma kaurinsa kamar na markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Shi Toyota ta rubuta wa kuros. Akwai kuma baƙin giris mai wani sinadari da ake kira moli, wanda ya fi dacewa da inda ƙarfe ke goga ƙarfe da nauyi, kuma shi littattafan motocin da yawa suka ware wa wata gaɓa ta farfela mai kuros biyu a haɗe da ƙwallo a tsakiya. Wurin zurmawa ya danganta da samfurin mota, sai kowa ya bi littafinsa. Ni dai ba na kai moli kan allurai. Launi kuwa, ja ko shuɗi, rini ne kawai.

Abin da ke ci mini rai shi ne giris na awo, wanda ake kwasa daga buɗaɗɗen bokiti a bakin titi a ƙulla a leda. Ba ka san irinsa ba, ƙurar hunturu kuma ta yini tana sauka a kansa. Yashi kaɗan ya isa ya cinye allurai. Ga shi kuma ba kowane giris ke zama da wani ba. In aka gauraya na litiyam da wani iri daban, yana iya tsinkewa ya zube. Na tsaya a kan iri ɗaya, a rufe, ko da ya fi tsada.

Ranar aiki nakan sami wuri mai daidai, in sa weji gaba da bayan taya, sannan in ɗaga bayan motar, in bar giya a firi don in iya juya farfela da hannu har kan nonon giris, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa, ya fuskance ni. Jak kaɗai ba na yarda in shiga ƙarƙashinsa. Kafin in ɗora bindiga sai na goge kan nonon tas da tsumma, in ba haka ba lakar da ke kai ita zan fara turawa ciki.

A kuros, matsawa nake yi a hankali ina kallo. Da fari za ka ji 'yar ƙara, tas-tas, iska ce ke fita. Sai tsohon giris ya ɓullo ta gefen robar kofi, baƙi ƙirin, wani lokaci da ɗigon ruwa, wani lokaci ja-ja saboda tsatsa. Ba na tsayawa sai sabo ya fito ta kofuna huɗun duka. Uku su fitar ɗaya ya ƙi, aiki bai yi ba, don giris hanya mai sauƙi yake bi, kofin da ya bushe ɗin ne kuma zai kashe kuros. Nakan juya farfelar, in ɗan ƙwanƙwasa gefen da ke kallon kofin, in sake matsawa.

Wurin zurmawa ba a yi masa haka. Wani dattijon makanike ne ya ja mini kunne tun kafin in fara. Na ce, “Baba, shi ma sai ya fito?” Ya ce, “A'a Malam, wannan ka cika shi, giyabos za ka daka.” Gaskiyarsa. Bayan haƙoran akwai fili, in giris ya cike shi sandar ba ta da inda za ta koma, mota na faɗawa rami sai ƙarfin ya tafi kan boris da sil na akwatin ogzilari. Matsa kaɗan ya wadatar, da na ga sandar ta fara motsi tana miƙewa nake cire bindiga. Wanda ya riga ya cika, ya kwance kan nonon, ya girgiza motar, rarar za ta fito.

Ina yin wannan a kowane juye, da kuma duk ranar da ruwa ya rufe farfela, ba na bari ya kwana biyu. Da rani, lokacin da ogzilari ke zaune ba aiki, nakan kulle hob in yi tafiyar kilomita 16 a kan turɓaya kowane wata kamar yadda littafin motar ya ce, don kayan gaba su juya mai ya ratsa su.

A bara kofi ɗaya na farfelar baya ya ƙi karɓa duk yadda na yi, ga jan gari a bakin robarsa, ga “kwas” in na sa ribas. Da na kama sandar na girgiza sai na ji tana wasa. Giris ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya ci, don haka na kwance ta, na yi wa bakunan alama da fenti don ta koma yadda take, na kai aka buga sabon kuros.