Na bi sawun kakanmu har Salaga

Tun muna yara Hajiya Kaka take ba mu labarin kakanta, bafatake ne, yana kai kanwa da turkuɗi Gwanja (a arewacin Gana ta yanzu) ya dawo da goro a kan jakuna, wata tafiya da ya yi shi ke nan ba a sake ganinsa ba. To da aiki ya kai ni Gana sai na ce wallahi ba zan dawo gida ba sai na bincika.

Na fara da Legon, cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Gana, inda suke ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami har da waƙoƙin Alhaji Umaru, malamin garin Karaki (Kete Krachi), wanda ya rasu 1934, na zauna ina ta duba takardu ko zan ci karo da sunan unguwarmu, hannuna har rawa yake. Daga nan Tamale, gidan adana takardun gwamnati, kwana biyu cur.

Ban ga sunansa ba. Amma a Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta Gwanja, wani dattijo ya ce min "ɗana, bayan yaƙin basasar garin nan na 1892 mutanenku da yawa Karaki suka koma", ya zaga da ni tsofaffin rijiyoyin garin, na tsaya bakin ɗaya na yi wa kakan addu'a. Baɗi insha Allahu Karaki zan nufa, duk da ruwan Volta ya cinye tsohon garin.