Awon barkonon tsohuwa da harsashin roba

Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta sa aka kafa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, na ɗora binciken digirina na biyu a kan tambaya guda: da me ake gane cewa makaman tarwatsa taro sun yi aikinsu?

Wani dattijo, tsohon ɗan sandan kwantar da tarzoma, ya ce mini awonsu ɗaya ne: in taro ya watse ba a ɗauki gawa ba, an gama. Na ce, Baba, to wanda ya watse nan ya sake haɗuwa a layin baya fa? Ya yi dariya kawai. Daga nan na fara rubuta abu uku: tsawon lokacin da titi ya zauna lafiya, tazarar da aka yi harbi, da waɗanda abin ya shafa alhali ba su fito ba.

Na ukun ne ya fi cin lokacina. Barkonon tsohuwa ba ya zaɓe. A titi mai faɗi irin Ahmadu Bello Way iska na kwashe hayaƙin, amma a lungunan Tudun Wada sai ya kwanta a zaure, ya tarar da jariri da mai asma. Irin waɗannan ba sa shiga rajistar asibiti, kemis suke zuwa, don haka masu kemis na bi ina tambaya. Su ma ba kowa ke sakin baki ba.

Harsashin roba kuwa, tazara ce komai. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 sun ce a auna ƙafafu ko ƙasan ciki, ba kai ba. Wani nazari da mujallar BMJ Open ta buga a 2017 ya duba mutum 1,984 da irin wannan harsashi ya raunata a ƙasashe daban-daban: 53 sun mutu, 300 sun nakasa har abada, galibi a ido. Daga kusa yana fasa ƙashi, daga nesa kuma ba ya bin saiti.

A ganina, muddin ba a rubuta adadin gwangwanin barkonon tsohuwa da aka harba, da wurin, da tazarar, da wanda ya ba da umarni ba, duk alƙaluman da za a kawo kintace ne. Fom ɗin rubuta waɗannan bayanai na tsara a babin ƙarshe na bincikena.