Fata ta haɗe, ƙashi da saura: jinyar miji ko mata bayan tiyatar zuciya

Babban abin da aikin jinya ya koya mini shi ne ɗinkin da ake gani a ƙirji yana ruɗar mutanen gida. Fata takan haɗe cikin mako 2 ko 3, amma ƙashin ƙirjin da aka tsaga aka ɗaure da waya sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, wani har 12, musamman mai ciwon sukari. A tsakanin nan ake yin ɓarna.

Kada majinyaci ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, yaro ɗan shekara guda kuwa ya kusa 10. Ba daka, ba jan guga. Mata sun fi faɗawa wannan tarkon, don kunya ba ta barin mace ta zauna tana kallon maigida yana ɗibar ruwa. Sai shi mijin ya hana da bakinsa, a gaban dangi.

Angarib, gadon igiya na Sudan, yana lotsawa, ga shi kusa da ƙasa, mai tashi sai ya dogara da hannu, nan ne wayar ke jan ƙashi. A sa katifa mai tauri. In zai tashi, ya mirgina gefe, ya sauke ƙafafu, sannan ya zauna. Tari ko atishawa, ya rungume matashi. Sallah a kujera, don tasowa daga sujada aikin hannu ne. In aka ji ƙirji na ƙas-ƙas, ko ɗinki ya yi ja yana ruwa, asibiti ranar. Kada dilka, lalle ko man gargajiya su taɓa wurin. Ruwa da sabulu sun isa.

A Sudan yawancin waɗanda ake yi wa irin wannan tiyata matasa ne da zazzaɓin ciwon gaɓoɓi ya lalata musu bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya a zuciya, tun suna yara. Su ne suka fi yawa a Cibiyar Salam, asibitin tiyatar zuciya da ke Soba a gefen Khartoum, da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe zai sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, kuma gwajin jini na INR ne ke nuna ko awon ya yi daidai, galibi tsakanin 2 da 3.5 gwargwadon bawul ɗin. Mai komawa Mai Wurno ko Gadarif ya san inda zai riƙa gwajin tun kafin ya hau mota.

Lalo, zogale da alayyafo suna rage ƙarfin maganin. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai wa daida, kada yau kwano biyu gobe babu. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Diclofenac da ibuprofen suna jawo zubar jini a ciki. Ƙaho wurin wanzami ya haramta. Haɓo, jinin dasashi ko baƙin bayan gida ba abin jiran gobe ba ne. Mace kuma ta ga likita kafin ta ɗauki ciki, don warfarin na cutar da ɗan tayi.

A hau sikeli kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin 'yan kwanaki, da kumburin ƙafa, ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba, ko da surukai na murna. Zazzaɓi mai kai digiri 38 kuwa, kada a ce na cizon sauro ne a wuce kemis. Bawul na iya kama ƙwayoyin cuta, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jini yana ɓoye su a gwaji.