Kaki Ran Asabar, Sito Ran Litinin

Duk wanda ya shiga ofishin ɗaukar soja a Amurka yana tambayar aikin ko-ta-kwana, magana ɗaya za a faɗa masa: Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata, sai mako biyu a shekara. Ba ƙarya ba ce, amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a nema a wurinka. Na shiga rundunar Army Reserve, wato sojan ko-ta-kwana na ƙasa, da katin zama na dindindin, ina ma'aikaci a wani siton rarraba kaya a jihar New Jersey, kuma har yau ina riƙe da ayyukan biyu.

Kafin a kai ga sau ɗaya a watan, sai ka ajiye aikinka gaba ɗaya. Horon farko mako 10 ne, sannan horon sana'ar da ka zaɓa. Ni tuƙin manyan motoci na zaɓa, kusan mako 7 a barikin Fort Leonard Wood da ke Missouri. Yarjejeniyar ta shekara 8 ce, galibi 6 kana zuwa atisaye, 2 sunanka na ajiye ko za a buƙace ka.

Abin da ya tsare mini aikina wata doka ce ta 1994 da ake kira USERRA. Ta hana kamfani korar ka saboda kaki, ta wajabta a mayar da kai matsayin da za ka kai da ba ka tafi ba, ta kuma hana a tilasta maka cinye hutunka na shekara a bariki. Sai dai ba ta ce a biya ka albashin kwanakin da ba ka nan ba. Wasu kamfanoni na cike gibin don ganin dama, namu bai yi.

Kamfani dokar ta ɗaure, ba ta ɗaure zuciyar abokin aikinka ba, kuma a nan wahalar take. A sito Asabar ranar aiki ce, ana juya ta tsakaninmu. Duk Asabar ɗin da nake fareti, wani ne yake sauke kayan da ya kamata in sauke, watakila ya bar bikin ɗansa. Ba zai ce maka uffan ba, tunda ya san doka na bayanka. Amma za ka gani a fuska, za ka gani ranar da kai ma kake neman wanda zai tsaya maka. Na ga wani a rukuninmu da ke ɗaga wa manajansa takardar doka duk wata. Aikinsa bai taɓu ba, amma babu mai son a haɗa shi aiki da shi.

Shekarar kuɗi ta soja ran 1 ga Oktoba take farawa, kuma wajen wannan lokacin ake fitar da jadawalin atisayen shekara. Ranar da ya zo hannuna, washegari yana teburin manaja, da kwafi ga mai tsara aikinmu. Sannan na ɗauki ranakun da kowa ke gudu. Kirsimeti ba bikina ba ne, don haka ina karɓar aikin makon, haka ma daren sabuwar shekara. Wanda ka tsaya masa ran 25 ga Disamba ba ya ƙorafi idan ka ɓace mako biyu a Yuni. Dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gajiyar kuwa babu jadawalin da ke maganinta. Aiki Litinin zuwa Juma'a, bariki Asabar da Lahadi, ka koma sito wata Litinin ɗin: kwana 12 a jere ba hutu. Dokar ta ba ka lokacin tafiya gida da awa 8 na barci kafin ka koma aiki, iyakarta ke nan. Yanzu nakan ware wasu Litinin daga hutuna na shekara, musamman bayan atisayen harbi, wanda yakan fara tun Juma'a. Uwargida ta taɓa ce mini, "Baban Aisha, kai sojan wata ɗaya ne ko mu ne iyalin wata ɗaya?" Tun daga nan jadawalin nan yake manne a jikin firji.

Sallah ce ke rikita lissafi, don ba a sanin ranarta tun Oktoba. Rashin zuwa ba tare da izini ba babban abu ne: Asabar da Lahadi zama huɗu ake lissafa su, kuma idan ka rasa 9 a shekara an sa ka cikin masu saɓa yarjejeniya. Akwai hanyar neman a ɗaga maka atisaye zuwa wasu ranaku, amma kwamanda ne ke amincewa. Nakan je wa sajenmu tun azumi bai kama ba, in ce Sallah za ta faɗo tsakanin ranaku kaza. Haka ma abincin halal na daji, akwai shi, amma sai an yi odarsa da wuri. Gwajin gudun mil 2 da azumi a baki kuwa, ba na yi wa kowa fatansa.

Wani ɗan'uwa ɗan Kumasi mai tuƙin tasi a Bronx da ke birnin New York ya tambaye ni ko ya shiga. Na ce ya yi lissafi tukuna. Kwana biyun ana biyan su kuɗin kwana huɗu, akwai inshorar lafiya mai rangwame, wadda ita ce ta riƙe yawancinmu. Amma mai aikin kansa babu kamfanin da doka za ta kama masa. Asabar ita ce kasuwarsa, kuɗin hayar mota kuma ba ya tsayawa don an kira shi atisaye. Idan aka tura rukuninsu waje na watanni, sai dai ya dawo ya fara daga farko.

Da na samu igiya, sai aikin ya biyo ni gida: kiran yaran da ke ƙarƙashina, cike takardu, darussa ta intanet da dare, yawanci ba ko sisi. Fansho sai ka cika shekara 20 masu kyau, kowacce da aƙalla maki 50, waɗanda ake tarawa ta halartar atisaye da sauran hidima, kuma galibi sai ka kai shekara 60 za ka fara karɓa. An yi mini tayin shugabancin aikin dare a sito daidai lokacin da yarjejeniyata ke ƙarewa. Na ce wa manaja zan karɓa idan za a naɗa mini mataimaki mai riƙe Asabar ɗin bariki. Ya ce in ba shi mako biyu ya yi magana da na sama.